Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ɗakunan Karatu Kan Tanadar Jerin Shafukan Intanet Na Ilimi Da Al'adu

Zuwa ga shugabannin ɗakunan karatu na jama'a da na makarantu,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan wasiƙa ma'aikata ne masu tsara kundin littattafai da masu zama a teburin amsa tambayoyin masu karatu, tare da wasu malaman makaranta. Roƙo ɗaya muka zo da shi. Duk ɗakin karatun da ya samar wa jama'a intanet, ya kuma tanadar musu jerin shafukan ilimi da al'adu da aka tantance, ya ɗora wa ma'aikaci guda takamaimai alhakin kula da jerin, ya ware masa lokacin yin hakan a cikin sa'o'in aikinsa.

Abin da aka saba yi shi ne a sayo kwamfutoci, a jawo intanet, a sa manhajar toshe shafukan batsa da na caca, sai a ce an gama. Toshewar tana da amfani, amma iyakarta hana mummuna, ba ta nuna wa kowa mai kyau. A cikinku babu wanda zai yarda a zube littattafai dubu a tsakar ɗaki, ba kanta ba kundi, a ce mai karatu ya tona da kansa. To haka muke yi wa mutumin da muka zaunar a gaban burauza muka juya baya. Wanda ya fi cutuwa kuwa shi ne wanda bai zo da wata tambaya ta musamman ba: yana da sa'a ɗaya, yana son ya buɗe ido, ya ga wani abu game da taurari ko tsoffin birane ko yadda jikin ɗan Adam yake aiki. Irin wannan mai karatu shi ne a da yake bin kantoci yana zaro littafi yana mayarwa har ya dace da wanda ya kama masa zuciya. A intanet ba mu gina masa kanta ba.

Injin bincike bai wadatar da shi ba, kuma dalilan a bayyane suke. Sai ka san sunan abu kafin ka tambaye shi, wanda bai taɓa jin akwai taskar tsoffin taswirori ba kuwa ba zai rubuta ta a akwatin bincike ba. Layukan farko na sakamakon sau da yawa talla ne da aka biya, a ƙarƙashinsu kuma shafuka ne da aka gina musamman domin su hau sama ta hanyar cusa kalmomin da mutane suka fi nema. Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara sauƙaƙa wannan sana'a, don yanzu mutum ɗaya zai iya cika shafi da ɗaruruwan maƙaloli a yini guda, masu santsin karatu, babu wanda ya duba gaskiyar abin da ke cikinsu. Su kuwa gidajen tarihi da manyan ɗakunan karatu, yawancin kayansu na cikin rumbun bayanai ne, sai ka shiga ta ƙofarsu ka yi bincike a ciki kafin ka gani. A da akwai masu yi wa jama'a wannan jagora. Kamfanin Yahoo yana da kundin shafuka da mutane suka tsara da hannu, ya rufe shi a ƙarshen 2014. Kundin DMOZ, wanda 'yan sa-kai suke kula da shi, ya tsaya a 2017. StumbleUpon, wanda ke kai mutum shafi bayan shafi gwargwadon sha'awarsa, ya rufe a 2018. Aikin ya dawo hannun masu shi na asali, wato mu da ku.

Kayan kuma akwai su, har sun fi ƙarfin a lissafa. Za mu ambaci kaɗan domin a ga irin abin da mai karatu yake rasawa. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da littattafai sama da 70,000 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kuma fayilolinsa ƙanana ne, ko tsohuwar waya tana buɗe su. Internet Archive, wanda Brewster Kahle ya kafa a 1996, yana ɗauke da littattafai da jaridu da muryoyi da fina-finan tarihi. Ɗakin karatun ƙasar Faransa ya buɗe taskarsa mai suna Gallica tun 1997. Europeana, da aka buɗe a 2008, tana haɗa kayan dubban gidajen tarihi da ɗakunan karatu na Turai a ƙofa ɗaya. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki hotunan kayansa kimanin 375,000 a 2017 domin kowa ya yi amfani da su ba tare da neman izini ba, cibiyar Smithsonian ta bi sahu a 2020 da kimanin miliyan 2.8.

Ga mai sha'awar rubuce-rubucen hannu, akwai shirin ɗakin karatun Birtaniya na ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda aka fara a 2004. Tsarinsa abin yabawa ne: ana ɗaukar hoton takardun a inda suke, asalin ya zauna a hannun masu shi, hoton kuma a ɗora kyauta. A ciki akwai rubuce-rubucen Larabci da na ajami daga Afirka ta Yamma. Jami'ar Boston ma tana da taskar ajami ta harsunan Afirka, har da Hausa. A 2022 an ɗora shafuka sama da 40,000 na rubuce-rubucen Timbuktu a shafin Google Arts & Culture. Ɗakin karatun intanet na Qatar, wanda aka buɗe a 2014, yana da tsoffin littattafan kimiyya na Larabci, da bayani cikin Larabci da Ingilishi. Hukumar UNESCO kuma ta ɗora kundinta na tarihin Afirka, wanda masana suka shafe shekaru da dama suna rubutawa, kowa na iya saukewa. Ɗalibin da ya ga hoton takardar da aka rubuta shekaru ɗari uku da suka wuce, da tawadarta da gyaran da marubucin ya yi a gefe, ya samu abin da taƙaitaccen bayani ba zai ba shi ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A fannin kimiyya, PhET na Jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman mai kyautar Nobel ya kafa a 2002, yana ba mutum damar yin gwaji a kan allo: ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila, ya ƙara ƙarfin wuta ya ga abin da zai faru. Hukumar NASA tana da shafin da ke fitar da hoton sararin samaniya guda ɗaya kowace rana tun 1995, da gajeren bayanin masanin taurari a ƙasa, wanda ya dace ƙwarai da mai minti biyar. Jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka ta ɗora kayan darussa sama da 2,000 a OpenCourseWare. OpenStax na Jami'ar Rice yana ba da cikakkun littattafan karatu na matakin shiga jami'a. Khan Academy, mai darussan bidiyo kyauta na lissafi da kimiyya, sananne ne. Yara ƙanana kuma akwai African Storybook da StoryWeaver, masu littattafan hoto a harsuna da yawa. Mai neman mujallun bincike da ba a biya, a nuna masa DOAJ da African Journals Online.

Sai dai kada a ɗauki waɗannan sunaye a kwafe a manna a bango a ce an yi jeri. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin yana da matakai.

Tambayar farko ita ce wane ne mai shafin. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a tsaya a cikin shafin ana karanta abin da ya faɗa game da kansa. A 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun gwada rukuni uku: masana tarihi, ɗaliban jami'a, da ƙwararrun masu tantance labarai. Masana tarihi da ɗalibai sukan daɗe a cikin shafin suna duba kyan tsarinsa da tambarinsa, da yawansu kuma suka ruɗu. Masu tantance labarai kuwa nan take suke fita, su buɗe wasu shafuka su ga me wasu suka ce game da mai shafin, sannan su dawo, kuma sun fi sauran dacewa cikin ƙanƙanin lokaci. Haka ma'aikacinku zai yi. Ya rubuta sunan cibiyar a injin bincike, ya ga ko wata jami'a ko jarida ko gidan tarihi da aka sani sun ambace ta. Idan bayan minti biyar bai gano mutum ko cibiyar da za a kama da laifi in an samu ƙarya ba, shafin bai shiga jeri ba, komai kyansa.

Akwai alamomi biyu da mutane suka ɗauka shaidar gaskiya ce alhali ba haka ba ne. Ɗaya ita ce ƙarshen adireshi. Gaskiya ne .edu na manyan makarantun Amurka ne, .gov na gwamnatinta, .ac.uk na jami'o'in Birtaniya, amma .org kowa na iya yin rajistarsa, ɗan kasuwa ko ɗan damfara. Ko a .edu ɗin ma akwai shafukan ɗalibai da babu malamin da ya duba su. Ɗayar ita ce https da hoton kwaɗon kulle ƙofa da wasu burauzoji ke nunawa. Abin da take nufi kawai shi ne wani a tsakiya ba zai iya leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin ba. Takardar shaidar da ke kawo ta kyauta ake samu, shafukan damfara ma suna da ita.

Bayan mai shafi, sai shekarunsa. A shiga Wayback Machine na Internet Archive a sa adireshin, zai nuna yadda shafin yake a shekarun baya. Shafin da ke iƙirarin daɗewa amma babu alamarsa kafin bara, ko wanda shekaru biyu da suka wuce yake tallar takalma yau kuma ya zama na tarihi, a yi hattara da shi. Sannan a ɗauki maƙaloli uku daga ciki, a kan abin da mai dubawar ya sani sosai, a karanta su daga farko har ƙarshe. A duba ko an faɗi inda aka samo bayani, a bi guda biyu daga cikin madogaran a tabbatar suna nan kuma sun faɗi abin da aka jingina musu. Rubutun na'ura a nan yake tonuwa: yakan ambaci littafin da babu shi, ko ya maimaita magana ɗaya sau uku da kalmomi daban, ko ya kasa kawo suna da shekara a inda masani zai kawo. Idan fannin ba na ma'aikacin ba ne, ya kai wa malamin fannin. Shafin lafiya musamman kada ya shiga sai ma'aikacin lafiya ya gani.

Wikipedia tana buƙatar magana ta daban, domin masu karatu za su je can ko an sa ta a jeri ko ba a sa ba. Mu a ganinmu a sa ta, tare da koya wa mutane abu biyu: su sauka ƙasan maƙala su ga madogara, su kuma buɗe tarihin gyare-gyare su ga ko ana ta ja-in-ja a kanta. Ingancin maƙaloli ya bambanta ƙwarai, musamman a harsunan da masu gyara ba su da yawa. A ta Hausa akwai maƙaloli masu kyau, akwai kuma fassarar na'ura da ba a tace ba. A gaya wa mai karatu haka ƙarara.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake kashe yawancin jeri. Ma'aikaci yakan gwada shafi a kwamfutar ofis mai babban allo da intanet mai ƙarfi, ya ga komai lafiya, alhali mai karatu zai buɗe shi ne a ƙaramar waya da ɗan abin da ya rage masa na data. Don haka a gwada kowane shafi sau biyu, a kwamfutar ɗakin karatu da kuma a waya mai araha. A ƙirga daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin rubutu ya bayyana; in ya wuce goma sha biyar, yawancin mutane sun tafi. A duba ma'aunin data na wayar kafin shiga da bayan minti biyar ana yawo a ciki, a rubuta abin da ya ci. Shafin rubutu zalla ba ya cin komai, yawon gani da ido a cikin gidan tarihi ko bidiyo kuwa yana iya cinye ɗaruruwan megabayit a sa'a ɗaya. Wannan ba dalilin cire shi ba ne, dalili ne na rubuta gargaɗi a gefensa cewa a buɗe shi a Wi-Fi na ɗakin karatu. A lura da talla: shafin da tallarsa ke rufe rubutu, ko take da maɓallin saukewa na bogi da ke kai mutum wani wuri, a bar shi. A lura da rajista: in sai an ba da imel ko lambar waya kafin a ga komai, a rubuta haka, kuma kada a sa irinsa a sashen yara. A kwamfutar da jama'a ke rabawa, a saita burauza ta goge komai idan an rufe ta, don mutane suna mantawa su fita daga asusunsu.

Game da girman jerin, shawararmu shi ne a fara da shafuka 40 zuwa 60, kada a wuce. Jeri mai shafuka 500 babu mai karanta shi, babu kuma mai iya kula da shi, cikin shekara ɗaya zai cika da matattun adireshi, mai karatu ya latsa uku a jere ba su buɗe ba, ya yanke ƙauna da sauran. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A kasa shi gwargwadon yadda mutane suke tambaya, kamar taurari da sararin sama, tsoffin littattafai, zane da hotuna, dabbobi da tsirrai, koyon lissafi, labaran yara. Lambobin rabe-raben littattafai namu ne na ma'aikata, kada a ɗora wa mai karatu su.

Kowane shafi kuma ya zo da bayani na layi uku ko huɗu, domin suna da adireshi kaɗai ba sa jan kowa. Bayanin ya ƙunshi mai shafin, abin da ke ciki, wanda ya dace da shi, harshensa, nauyinsa a data, da ranar da aka duba shi. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne a faɗi inda za a fara. Mutumin da aka tura taskar da ke da abubuwa miliyan ya tarar da akwatin bincike fanko, ya koma matsalar da ya baro. Ga misalin yadda za a rubuta: PhET, na Jami'ar Colorado. Gwaje-gwajen kimiyya da lissafi da ake taɓawa a allo, daga ɗan ƙaramar sakandare zuwa sama. Ba a buƙatar rajista, yana buɗewa a waya. Fara da gwajin haɗa wutar lantarki, ka kunna ƙwan fitila ɗaya, sannan ka ƙara na biyu ka ga yadda hasken zai sauya. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce aikin ma'aikacin ɗakin karatu, ita ce kwatankwacin zaro littafi daga kanta a buɗe wa mutum shafin da zai so.

Yawancin waɗannan taskoki da Ingilishi ko Faransanci ko Larabci suke, kuma bai kamata hakan ya sa a cire su ba. Taswira da hoto da kukan tsuntsu ba sa buƙatar fassara. A rubuta bayanin jerin da harshen masu karatu, a sa alama a kan shafukan da za a more su ba tare da karatu mai yawa ba. Fassarar da burauza ke yi tana taimakawa a gane inda aka dosa, amma takan ɓata sunaye da kalmomin fannoni, don haka kada ɗalibi ya kwafe ta a aikin makaranta.

Yanzu ga babbar matsalar, wato mutuwar shafuka. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar da rahoto a 2024 da ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Manya ma ba su tsira ba. An kai wa ɗakin karatun Birtaniya harin kutse a watan Oktoba na 2023, ayyukansa na intanet suka tsaya wata da watanni. Internet Archive ya sha nasa harin a Oktoba na 2024, kuma shari'ar da ya yi da kamfanonin ɗab'i ta sa ya cire littattafai sama da 500,000 daga waɗanda yake ba da aro. Da aka daina tallafa wa manhajar Flash a ƙarshen 2020, wasannin koyarwa masu ɗimbin yawa suka daina aiki ko da yake shafukansu suna nan. Jerin da aka yi sau ɗaya aka bari, aikin baban giwa ne.

Saboda haka a riƙa duba jerin duk bayan wata uku, kuma mutum ne zai duba da idonsa. Akwai manhajojin da ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya su faɗi wanda ya mutu, suna da amfani, amma abin da suke gani kawai shi ne ko shafi ya amsa ko bai amsa ba. Mafi munin abin da ke faruwa ba sa ganinsa: cibiya ta manta ba ta sabunta rajistar sunan shafinta ba, wani ya saye sunan, ya cika shi da caca ko abin da ya fi caca muni. Manhaja za ta ce lafiya lau, shafi ya amsa, alhali jerin ɗakin karatu yana tura yara can da tambarinku a kai. Minti uku zuwa biyar sun isa kowane shafi, wato rabin yini ga jeri mai shafuka 50.

Wasu dabaru suna rage wannan wahala. A sa adireshin babbar ƙofar taska maimakon dogon adireshin abu ɗaya da ke can ciki, domin duk lokacin da aka sake fasalin shafi, adireshin ciki ne ke karyewa. Sai a rubuta sunan abin a bayani yadda mai karatu zai nemo shi. Duk shafin da aka sa a jeri, a adana kwafinsa a Wayback Machine a ranar, akwai wurin yin haka a fuskar farko, kyauta ne, a ajiye adireshin kwafin a jadawalin ma'aikata. Idan za a buga takarda a manna, a sa lambar QR guda ɗaya da ke kai mutum shafin jerin na ɗakin karatu, kada a buga wa kowane shafi tasa, don in ɗaya ya sauya ba sai an sake bugawa ba. A kuma saita jerin ya zama abin da burauza ke fara nunawa a kowace kwamfuta. Jerin da sai an tambaya kafin a gani, kaɗan ne za su san da shi.

Inda intanet ke yankewa ko ya yi rauni, akwai mafita. Manhajar Kiwix tana ba da damar sauke Wikipedia da Project Gutenberg da PhET da wasunsu a matsayin fayil, a karanta ba tare da intanet ba. Cikakkiyar Wikipedia ta Ingilishi da hotuna ta haura gigabayit 100, amma akwai wadda aka cire wa hotuna, akwai ta fanni ɗaya kamar likitanci, akwai kuma ta ƙananan harsuna da ba ta da nauyi. Ana iya ɗora fayilolin a kwamfuta ɗaya, ta riƙa raba wa sauran kwamfutoci da wayoyi ta Wi-Fi na cikin gida. Manhajar Kolibri tana yin irin wannan ga darussan makaranta. Abin lura shi ne kwafin yana tsayawa a ranar da aka yi shi, don haka a rubuta ranar a inda za a gani, a sabunta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sauke kaya da rabawa yana jawo maganar haƙƙin mallaka, kuma kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka duk abin da aka gani kyauta ana iya bugawa a raba. A duba lasisin, yawanci yana ƙasan shafi. Alamar CC0 tana nufin a yi yadda aka ga dama. CC BY tana buƙatar a ambaci mai aikin. Inda aka ga NC, ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, kayan MIT suna cikin wannan rukuni. Project Gutenberg kuma da dokar Amurka yake aiki, littafin da ya fita daga haƙƙin mallaka a can yana iya kasancewa da sauran wa'adi a wata ƙasa, domin wasu ƙasashe suna ƙirga shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wasu 50. Shafukan da ke raba sababbin littattafai na sata kuwa ba su da wuri a jerin ɗakin karatu, ko da masu karatu sun roƙa.

Jeri ba zai ƙunshi komai ba, don haka a ƙasansa a ƙara ɗan darasin bincike da bai wuce rabin shafi ba. Sa jimla tsakanin alamomin zance yana sa injin ya nemo ta yadda take. Rubuta site: da adireshi yana taƙaita bincike a cikin shafi ɗaya, wanda sau da yawa ya fi akwatin binciken shafin kansa aiki. Rubuta filetype:pdf yana fito da rahotanni da littattafai. Sa alamar ragewa a jikin kalma yana kore ta daga sakamako. Waɗannan huɗun ana koyar da su cikin minti ashirin. Hanya mafi albarka ta samo sababbin shafuka kuwa ita ce bin sawun na ƙwarai: ɗakunan karatun jami'o'i da yawa suna da jagororin fannoni da ma'aikatansu suka tsara, a buɗe suke ga kowa, kuma madogaran maƙala mai kyau sukan kai mutum ga taskar da bai taɓa ji ba.

Ranku ya daɗe, abin da wannan aiki yake buƙata daga gare ku lokaci ne da suna. Tantance shafi ɗaya yadda muka bayyana yana cin kimanin rabin sa'a, shafuka 50 ke nan sa'o'i 25, ana iya raba su a wata ɗaya. Bayan nan sai rabin yini duk wata uku, da sa'a ɗaya a mako don duba shawarwarin da masu karatu da malamai suka kawo. Muna roƙon a rubuta wannan a cikin takardar aikin ma'aikaci guda, a kuma naɗa masa mataimaki, domin aikin da aka ce na kowa ne yakan tsaya ranar da mai himmar ya samu canjin wurin aiki. A ajiye jadawali ɗaya da kowa a ofis ya san inda yake, mai ɗauke da adireshi, bayani, sunan wanda ya duba, ranar dubawa, da adireshin kwafin da aka adana. Shafin da aka cire kada a goge shi daga jadawalin, a mayar da shi sashe na daban tare da dalilin cirewa, don kada wani ya sake sa shi bayan shekara biyu.

Muna kuma roƙon ku yarda ɗakunan karatu su riƙa musayar jerinsu, kowanne ya sa wa nasa lasisin da zai ba wasu damar kwafa da gyarawa. Ɗakin karatun da ke da malamin kimiyya a kusa zai fi iya tantance shafukan kimiyya, wanda ke da masanin rubutun hannu zai fi iya na tarihi. Idan za a aika wa juna, a haɗa da ranar dubawa da sashen shafukan da aka cire, kuma wanda ya karɓa ya sake buɗe kowane adireshi a kwamfutarsa da wayarsa kafin ya nuna wa jama'a.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan ɗakunan karatu da malaman makaranta